Ɓeran ɗakin gwaji: wa ke lissafa wahalarsa, wa ke da ikon cewa a tsaya?

Kafin kwalbar makarin dafin maciji ta isa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, sai ta ratsa jikin dabbobi iri uku. Akwai macijin kansa, kububuwa, wadda manoma ke yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Daga Najeriya aka kwashi irinta zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool, ana tatsar dafinta a can. Akwai tumaki ko dawaki, waɗanda ake yi wa allurar dafin kaɗan-kaɗan har tsawon watanni, jikinsu ya haɗa garkuwa, sannan a ɗebi jininsu a tace. Maganin nan na EchiTAb da aka haɗa musamman don macizan Najeriya iri biyu ne: ɗaya daga jinin tumaki a yankin Wales na Birtaniya, ɗaya daga jinin dawaki a ƙasar Kosta Rika. Dabba ta uku ce ba a cika ambata ba, alhali ita ke shan wuya fiye da sauran. Ita ce ɓera.

Domin a tabbatar maganin yana aiki, ana ɗauko fararen ɓeraye masu nauyin giram 18 zuwa 20, a kasa su rukuni-rukuni, yawanci biyar-biyar. Da farko a gano adadin dafin da ke kashe rabin rukuni. Sai a ninka wannan adadin, a gauraya shi da makari, a bar haɗin ya yi rabin awa a ɗumi irin na jikin mutum, a yi wa kowane ɓera allura a jijiyar jelarsa. Daga nan sai jira. Bayan awa 24 a zo a ƙirga waɗanda suka mutu da waɗanda suka rayu. Dafin kububuwa jini yake tsinkawa, saboda haka ɓeran da makarin bai ishe shi ba yana zubar da jini ne ta ciki har rai ya yi halinsa, kuma an daɗe ana wannan gwaji ba tare da an ba shi ko da maganin rage zafi ba, don gudun kada maganin ya jirkita sakamako. Shi kuwa manomin da aka kwantar da ƙafa a kumbure, dasashi na tsiyayar jini, rayuwarsa ta rataya ne a kan a yi wannan ƙirge daidai.

Shi ya sa gardamar "a yi ko kada a yi" ba ta cika burge ni ba. Masu cewa a daina gwaji da dabbobi yau-yau ba su da amsar da za su ba wannan manomi. Masu cewa "ai ɓera ne kawai" su ma sun kauce wa abin da kimiyyar da suke karewa ta tabbatar, wato cewa ɓera na jin zafi da tsoro ta irin hanyoyin jijiya da mutum ke ji. Ba don haka ba ma da ba a gwada maganin ciwo a jikinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin waɗannan biyun: dabba nawa, zafi mai yawan yaya, har tsawon wane lokaci, don samun wace amsa, kuma wa ke tsaye a kan mai binciken. A gwajin makarin nan ma an ga abin da irin waɗannan tambayoyi ke haifarwa. Masu bincike a Kosta Rika sun nuna cewa ana iya ba ɓerayen maganin kashe zafi kamar tiramadol ba tare da sakamakon ya sauya ba. A Liverpool an taƙaita lokacin jiran zuwa 'yan awoyi, ana kuma kashe ɓera cikin sauƙi da zarar alamun da ke nuna ba zai tashi ba sun bayyana. Maganin bai ragu da komai ba. Wahalar ce ta ragu, kuma da tun farko an tambaya, da ta ragu tun da daɗewa.

Dokokin da ke akwai yau kusan duka abin kunya ne ya haife su. Birtaniya ce ta fara kafa doka a kan gwaji da dabbobi masu rai, a 1876, amma hakan bai kashe wutar ba. A 1903 wasu mata biyu 'yan Suwidin suka halarci darasi a wata kwalejin Jami'ar Landan inda aka feɗe wani kare, suka ce sun gan shi yana motsi, ba a sa shi barci yadda ya kamata ba. Malamin, William Bayliss, ya kai ƙara kan ɓata suna, ya kuma yi nasara a kotu. Duk da haka aka gina wa karen mutum-mutumi a unguwar Battersea a 1906, ɗaliban likitanci suka yi ta tarzoma suna neman farfasa shi, har hukuma ta ɗauke shi cikin dare a 1910.

Ta Amurka ma kare ne ya jawo ta. A 1965 wata karya mai suna Pepper ta ɓata daga gonar masu ita a jihar Pennsylvania. Ta bi hannun dillalai har ta ƙare a ɗakin gwajin wani asibiti a New York, inda ta mutu ana gwada na'urar daidaita bugun zuciya a jikinta, kafin masu ita su cim mata. Farkon 1966 mujallar Life ta buga hotunan ramammun karnuka a gidan wani dillali, jama'a suka yi wa majalisa ruwan wasiƙu, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar walwalar dabbobi a watan Agustan shekarar. A 1981 kuma aka bankaɗo halin da birai 17 ke ciki a wani ɗakin gwaji a Silver Spring ta jihar Maryland, wanda yana cikin abubuwan da suka sa aka gyara dokar a 1985. Gyaran ya tilasta wa kowace cibiya kafa kwamitin da zai duba tsarin gwaji kafin a fara, da likitan dabbobi a ciki, da mutum ɗaya daga waje wanda ba ya cin albashin cibiyar.

A lura da dabbobin da suka motsa zukata: kare, kare, biri. Su ne mutum ke ganin kansa a idonsu. Amma mafi yawan mazauna ɗakunan gwaji ɓeraye ne da kifaye. A Birtaniya, inda ake buga alƙaluma duk shekara, an yi ayyukan gwaji kusan miliyan 2.7 a kan dabbobi a 2023, kuma karnuka da kyanwoyi da dawaki da birai gaba ɗayansu ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. A Amurka kuwa dokar ta fitar da ɓerayen da tsuntsayen da aka haifa don bincike daga ma'anar "dabba", majalisa ta ƙara tabbatar da hakan a 2002. Gaskiya ne binciken da gwamnatin tarayya ke biya yana ƙarƙashin wasu ƙa'idoji dabam da suka haɗa da ɓeraye, amma ba wanda ke tattara adadinsu. Dabbobin da ma'aikatar noma ke ƙirgawa ba su kai miliyan ɗaya a shekara ba, ɓerayen da ba a ƙirgawa kuwa ƙiyasi ya tashi daga miliyan goma sha wani abu har zuwa sama da miliyan 100. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a binciken lafiya ba ta iya faɗin yawan dabbobin da take amfani da su. A ganina wannan ya fi duk wani hoton biri a keji nauyi.

Tsarin da kusan duk duniya ke bi yanzu wasu Turawan Ingila biyu ne suka shimfiɗa shi a 1959, William Russell masanin dabbobi da Rex Burch masanin ƙananan ƙwayoyin cuta. Suka ce in da hanyar da ba ta buƙatar dabba mai ji, a bi ta. In babu, a yi amfani da mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa sahihiya. Waɗanda aka yi amfani da su kuma a rage musu wahala iya iyawa, tun daga haihuwa har mutuwa. Littafin da suka rubuta a kan haka ya yi kusan shekara 20 ba a kula shi sosai ba. Yau waɗannan ƙa'idoji uku suna rubuce cikin dokar Tarayyar Turai ta 2010.

Ta ukun, wato rage wahala, ita ce ta fi ɗauke da abin mamaki, don a nan ne aka gano cewa jin daɗin dabbar da ingancin sakamakon ba sa rabuwa. Matsalar farko ita ce gane zafin kansa. Ɓera abincin mage da shaho ne, halittarsa ce ya ɓoye rauni, don wanda ya nuna gazawa shi ake fara ɗaukewa. Sai ka ga an yi masa tiyata a ciki, ya farfaɗo yana zagaya keji, mai bincike ya rubuta cewa lafiya lau. Makiyayin da ya daɗe da shanu yakan gane saniyar da ba ta da lafiya daga yadda ta sauke kunne tun kafin ta ƙi kiwo, to irin wannan idon ne aka mayar ma'auni a 2010, a ɗakin binciken Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Kanada. Abubuwa biyar ake dubawa a fuskar ɓera: runtse ido, kumburin doron hanci, kumburin kumatu, yadda kunnuwa suka kwanta baya, da yadda gashin baki ya miƙe ko ya manne. Kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 2. Daga baya aka yi irin ma'aunin don zomo, doki, tunkiya da kyanwa. Da wannan sai a iya gane ko allurar kashe zafin da aka yi ta isa, ko kuwa an yi ta ne don cika takarda.

Daga ɗakin binciken nan ne aka fitar da wani sakamako a 2014 wanda ya girgiza masu sana'ar. Warin namiji, ko da rigar da wani namiji ya kwana da ita ce aka ajiye kusa da keji, yana tayar wa ɓeraye hankali har tsoro ya danne musu jin zafi na ɗan lokaci. Warin mace bai yin haka. Ke nan ɗakunan gwaji biyu na iya gwada maganin ciwo iri ɗaya su sami amsa mabambanta, dalili kawai a ɗaya ɗalibi ne ke riƙe da ɓeran, a ɗayan ɗaliba.

Sai yadda ake ɗaukar ɓera. Tun fil azal ta jela ake cafko shi, a ɗaga shi yana reto. Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool ta nuna a 2010 cewa wannan na sa shi fargaba da ƙin hannun mutum, alhali in aka sa masa ɗan bututun roba ya shiga da kansa a ɗaga shi a ciki, ko aka tallabe shi a tafin hannu, sai ya saki jiki, har ya riƙa zuwa yana shinshina hannun. Ɓerayen bututu sun fi ba da sakamako mai ma'ana a gwajin ɗabi'a, don wanda aka cafko ta jela yakan maƙale jikin bango ya ƙi yin abin da ake son aunawa. Haka batun sanyi. Ana ajiye ɗakin ɓeraye a ma'aunin zafi 20 zuwa 24, wanda ya yi wa ma'aikaci mai sanye da farar riga daidai, amma ɓera ya fi sakewa a wajajen 30. Kullum yana ƙona abinci don ya ɗumama kansa. Wani bincike a birnin Buffalo na Amurka a 2013 ya nuna ƙari, wato ƙullutun ciwon daji, ya fi saurin girma a jikin ɓerayen da ke ɗakin sanyi fiye da na ɗakin ɗumi, saboda garkuwar jikinsu ta raunana. Maganin abin ba tsada: ɗan yayin takarda da zai yi sheƙa da shi. Af, manyan ɓerayen gwaji ma suna son cakulkuli. Jaak Panksepp ya gano suna fitar da wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji idan ana musu, kuma yanzu akwai wuraren da ake koya wa ma'aikata yin sa don dabbar ta saba da hannu.

Akwai kuma iyakar da ake gindayawa tun kafin a fara: matakin da in dabba ta kai shi za a kashe ta cikin sauƙi, ba a jira cuta ta ƙarasa ta ba. Yawanci akan ce in ta rasa kashi 20 cikin 100 na nauyinta, ko ƙari ya kai wani girma, ko ta kasa kaiwa ga ruwa. A dokar Turai dole a faɗi tun farko ko gwajin mai sauƙi ne, ko matsakaici, ko mai tsanani, ko wanda dabbar ba za ta farka daga barcin da aka sa ta ba, sannan bayan an gama a rubuta ainihin abin da kowace dabba ta sha.

Rage adadi shi ne wanda ake yawan fahimta a baibai. Mutane na ɗauka ana nufin kowa ya yi amfani da ɓeraye kaɗan. To gwajin da ke buƙatar ɓera 40 in aka yi shi da 12 bai ba da amsa ba, an kashe 12 a banza, an yi biyu babu. Wanda ke buƙatar 40 aka yi da 100, an zubar da 60. Lissafi ne ke fitar da adadin, kuma kafin a sayi dabba ko ɗaya ake yinsa. Mafi muni shi ne gwajin da aka tsara da sakaci. Wani maganin shanyewar jiki mai suna NXY-059 ya yi abin al'ajabi a jikin ɓeraye, aka kai shi gwaji a kan mutane sama da 3,000, ya faɗi warwas a 2006. Da masana a Edinburgh suka koma suka bi gwaje-gwajen dabbobin ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar cewa inda aka raba ɓerayen ta hanyar ƙuri'a, kuma mai auna sakamako bai san wanne aka ba magani ba, amfanin maganin ya ragu ƙwarai. Inda ba a yi haka ba ne ya yi ta ƙyalli. Ba sai an yi maguɗi da gangan ba: hannu kan kai ga ɓeran da ya fi sanyi ya fara kamawa, ido kuma kan ga abin da zuciya ke so. Saboda irin wannan ne aka fitar da ƙa'idojin rubuta rahoton gwajin dabbobi da ake kira ARRIVE a 2010, aka sabunta su a 2020.

Wani ɓangaren adadin kuma ba ya shiga labarai. Domin a sami ɓera mai irin ƙwayar gadon da ake nema, sai an haifi da yawa da ba su da ita, ko kuma ana son maza aka sami mata. A 2017 ƙasashen Tarayyar Turai sun yi gwaji da dabbobi kusan miliyan 9.4, amma waɗanda aka haifa aka kashe ba tare da an yi gwajin da su ba sun kai miliyan 12.6.

Maye gurbin dabba ya yi nasara a wurare na musamman. Daga shekarun 1930 har zuwa wajen 1960, gwajin ciki na mata da dabba ake yinsa: a yi wa zomanya allurar fitsarin mace, bayan kwana biyu a buɗe ta a duba ƙwayayenta, ko a yi wa wani kwaɗon Afirka a ga ko zai saki ƙwai. Yau ɗan tsinken da ake saya a kemis ya ɗauke wannan aiki kacokan. Gwajin Draize na 1944, inda ake ɗiga sinadari a idon zomo a ga yadda zai ci shi, an rage shi sosai da amfani da idon shanun da aka riga aka yanka a mahauta da kuma fatar mutum da aka raina a kwano. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun Maris na 2013. Amurka ta daina tallafa wa gwajin lafiya a kan birai nau'in cimfanzi a 2015, sannan a Disambar 2022 ta cire sharaɗin da ya wajabta gwada kowane sabon magani a jikin dabba kafin mutum.

Sai dai wannan sharaɗi ba haka kawai aka sa shi ba. A 1937 wani maganin ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba, ba a gwada shi a kan komai ba, ya kashe mutum sama da 100 a Amurka, da yawansu yara. Maganin talidomaid, wanda mata masu ciki suka sha a ƙarshen shekarun 1950, ya jawo haihuwar jarirai sama da 10,000 da naƙasa. Kowane ɓangare na kafa hujja da shi: masu adawa su ce ai ƙananan ɓeraye ba sa nuna illarsa, masu goyon baya su ce ai ba a gwada shi a kan dabbobi masu ciki ba kafin a sayar, da aka gwada a zomaye da birai kuwa illar ta fito fili. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Haka a 2006 a Landan, wani magani da birai suka jure ninki ɗaruruwa na abin da aka ba mutane ya kusa kashe matasa shida da aka fara gwada shi a kansu. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka wuce matakin dabba ba sa kaiwa kasuwa. Dabba madubi ne mai hazo, amma har yanzu ba a ƙera kwano ko kwamfutar da ke haɗa hanta da ƙoda da garkuwar jiki da mahaifa suna aiki tare na tsawon watanni ba.

Doka kuma a takarda take sai an sami mai tsaya mata. A Birtaniya lasisi uku ake buƙata ƙarƙashin dokar 1986: na wurin, na aikin, da na mutumin da zai taɓa dabbar, kuma kafin a amince da aiki sai an auna cutarwarsa da amfaninsa. Kowace cibiya na da likitan dabbobi da jami'in kula da walwala waɗanda aka ambata da suna. Amma tsari na iya rubewa ana kallo. A wata gonar kiwon karnukan gwaji ta kamfanin Envigo a jihar Virginia, masu sa ido na gwamnati sun yi ta rubuta laifuffuka, da tsutsa a abinci, da 'yan kwikwiyo sama da 300 da suka mutu cikin 'yan watanni ba a binciki dalili ba, kafin a kwashe karnuka kusan 4,000 a 2022. A 2024 kamfanin ya amsa laifi, aka ɗora masa biyan sama da dala miliyan 35. Wanda ya fi kowa sanin halin dabbar shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke sauya shimfiɗar keji da safe, shi ke fara ganin wanda ya takure a lungu da gashi a tsaitsaye. Cibiyar da wannan ma'aikaci zai iya ce wa farfesa "wannan ya kai iyaka" a saurare shi, ita ce ke da tsari na gaske.

A gida ma ba baƙon al'amari ba ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana aiki tun 1924, akwai cibiyar binciken sammore a Kaduna, jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan suna da kwamitocin da ke duba tsarin gwaji da dabbobi su ba da lambar amincewa. Tushen tunanin ma muna da shi: duk yaron da ya yi Islamiyya ya haddace hadisin da ke cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An yarda a ɗauki ran dabba don buƙata, an kuma ɗora wa mai ɗauka nauyin yadda zai ɗauka.

Inda ya kamata a zuba ido shi ne aikin kammala karatu na ɗalibai. Duk wanda ke leƙa mujallun kimiyya na ƙasar nan ya san salon: fararen ɓeraye nau'in Wistar 25 ko 30, a kasa biyar, a yi musu allurar aloksan ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin su kamu da ciwon suga, a yi mako biyu ko huɗu ana ɗura musu ruwan ganyen zogale ko na shuwaka ko sassaƙen wani itace, a kashe su a auna jini. Binciken magungunan gargajiya abu ne mai kyau, ba shi nake suka ba. Abin dubawa shi ne sau nawa aka maimaita ganye ɗaya da tsari ɗaya, ba don akwai sabuwar tambaya ba sai don ɗalibi na buƙatar babi na huɗu. Sannan a dubi ɓeran kansa. A awannin farko bayan aloksan sugansa kan faɗi ƙasa warwas, in ba a sa masa ruwan gulukos ba ya mutu cikin dare. Bayan nan ya koma shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, dusar katakon da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe sharkaf cikin yini ɗaya, zarni ya riƙa ƙona masa hanci da huhu, kuma kwalbar ruwan da ta ishi lafiyayye kwana biyu ba ta kai shi wayewar gari. Ɗurar da ake yi da sirinji mai doguwar ƙarfen baki, in hannu bai ƙware ba, huhu take tafiya maimakon ciki. In zafin watan Afrilu ya haɗu da ɗaukewar wuta a ɗakin da ba taga, abin da aka auna a jininsa a ƙarshe ya haɗa da ƙishirwa da zafi da tsoro, ba ganyen kaɗai ba.

Har yanzu kuma ana cin karo da rahotannin da ke cewa an kashe dabbobin da kulorofom, wani sinadarin sa barci da ake shaƙa, a cikin rufaffiyar kwalba. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, wadda ƙa'idojinta na kashe dabba cikin sauƙi ake bi a ƙasashe da yawa, ta sa kulorofom cikin hanyoyin da ba a yarda da su ba. Yana da haɗari ga ɗalibin da ke shaƙarsa, kuma guba ne ga hanta da ƙoda, gaɓoɓin da galibi su ne za a ciro a kai ƙarƙashin madubin ƙara girma don a ga ko ganyen ya yi musu illa.